Ganyen Inabi na Cikin Kwalba: Ƙarin Jini ne ko Ƙarin Gishiri?

Tun bayan dawowar masu Umara, wasiƙu da dama sun shigo wannan fili daga cikin garin Sakkwato a kan abu ɗaya, wato ganyen inabi da ake adanawa cikin ruwan gishiri a kwalba ko gwangwani, wanda Larabawa da Turkawa ke naɗe shinkafa da nama a cikinsa. Mun zaɓi wasiƙun da suka tattaro abin da sauran ke tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Mabera. Yayata ta dawo daga Umara ta kawo mini tsarabar kwalba biyu na ganyen inabi, ta kuma koya mini yadda ake naɗa shi da shinkafa da niƙaƙƙen nama kamar yadda ta ci a Madina. Mutanen gidana sun ji daɗinsa, amma na lura ruwan da yake ciki gishiri ne zalla. Shin akwai sauran amfani a ganyen da ya yi watanni a cikin irin wannan ruwa, ko kuwa ɗanɗano kawai muke ci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya karɓi ibadar yayarki. Akwai sauran amfani a ganyen, sai dai abin da gishiri ya kawo ya fi abin da ya bari nauyi, kuma ya kamata ki san girman kowannensu kafin ki mayar da shi abincin yau da kullum.

A ƙasashen da suke cin wannan ganye, irin su Turkiyya da Labanan da Siriya da Masar da Girka, ana tsinkar sa ne a ɗan taƙaitaccen lokaci, daga wajen watan Mayu zuwa farkon lokacin zafinsu, sa'ad da yake da taushi, domin da zarar ya riƙa sai ya yi kauri ya ƙi naɗuwa. Saboda haka ne suke zuba shi cikin ruwan gishiri mai ƙarfi, galibi tare da ɗan abin tsami, don ya kai su ƙarshen shekara. Manufar wannan aiki ita ce hana ganyen ruɓewa, ba ƙara masa amfani ba.

Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da jadawalin sinadaran abinci da masana ke yawan dogara da shi, kuma ta auna ɗanyen ganyen da kuma na gwangwani. A giram 100 na ɗanye akwai kalori 93, furotin giram 5.6, faiba (zaren ganye da ciki ba ya narkarwa) giram 11, kalsiyam miligiram 363, sinadarin ƙarfe mai gina jini miligiram 2.6, fotasiyam miligiram 272, magnesiyam miligiram 95, sodiyam kuwa, wato sinadarin da ke cikin gishiri, miligiram 9 kacal. Wannan ganye ne mai kyau ta kowace fuska. Idan aka koma ga na gwangwani sai a ga kalori ya sauko zuwa 69, furotin giram 4.3, faiba kusan giram 10, kalsiyam miligiram 289, sinadarin ƙarfe kusan miligiram 3, wato waɗannan ba su yi wani motsi na a zo a gani ba. Fotasiyam ne ya faɗi daga 272 zuwa 29, magnesiyam daga 95 zuwa 14, bitamin A daga maikrogiram 1,376 zuwa 263, yayin da sodiyam ya tashi daga 9 zuwa 2,853, ya ninka fiye da sau 300. Alƙaluman sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ki duba takardar da ke jikin kwalbarki, amma yanayin abin ɗaya ne.

Dalilin wannan sauyi ba mai wuyar fahimta ba ne. Fotasiyam yana narkewa a ruwa, kuma yana cikin ruwan jikin ganyen ne, saboda haka idan aka gigita ganyen da ruwan zafi sannan aka tsoma shi cikin gishiri na tsawon watanni, sai ya fice ya koma cikin ruwan kwalbar, sodiyam kuma ya shiga ya maye gurbinsa. Kalsiyam kuwa yana maƙale ne da naman ganyen da jijiyoyinsa, shi ya sa yawancinsa yake zama. Abin takaicin shi ne musanyar ta zo a baibai ga lafiyar jijiyoyin jini, domin fotasiyam na taimakawa wajen sauke hawan jini, sodiyam mai yawa kuma na ɗaga shi.

Sai dai, Hajiya, ba wanda yake zama ya ci giram 100 na wannan ganye. Guda ɗaya nauyinsa kimanin giram 4 ne, don haka wanda ya ci naɗi goma ya ci giram 40 ke nan. A cikin wannan zai sami kalsiyam kimanin miligiram 115, wato kusan kashi ɗaya cikin tara na miligiram 1,000 da baligi ke buƙata a yini, da sinadarin ƙarfe miligiram 1.2, da faiba giram 4 wanda ke taimaka wa hanji, kuma wannan ba abin renawa ba ne. Amma idan ba a wanke ganyen ba, zai kuma sami sodiyam fiye da miligiram 1,100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wanda ya yi daidai da giram 5 na gishiri, ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi. Ke nan ganye goma sun cinye fiye da rabin kason yini, tun kafin ki sa gishiri ko dunƙule a cikin shinkafar.

Don haka aikin farko yana wajen wanki. Idan kin buɗe kwalbar za ki tarar da ganyen a naɗe dami-dami, launinsa ya koma kore mai duhu-duhu. Ki zaro damin a hankali don kada ya yage, ki zubar da ruwan kwalbar gaba ɗaya, ki warware ganyen ɗaya bayan ɗaya, domin gishiri yana laɓewa a tsakaninsu, kuma wanda ya wanke damin a dunƙule bayansa kawai ya wanke. Ki jiƙa shi cikin ruwa mai yawa na rabin awa zuwa awa ɗaya kina sauya ruwan, sannan ki tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na minti biyu ko uku ki tsane a kwando. Ki yagi gefen guda ki ɗanɗana. Idan har yanzu gishiri yana cizon harshe, ki sake jiƙawa. Wanki ba ya fitar da gishirin duka, domin wani ya riga ya shige cikin ganyen, saboda haka kada ki ƙara gishiri a haɗin shinkafar. Albasa da tafarnuwa, waɗanda Allah ya hore mana a fadamun Goronyo da Wurno, da na'ana'a da tumatir da lemon tsami sun isa su ba shi ɗanɗano. Ki kuma sa ɗan mai, ko na zaitun ko na gyaɗa, domin bitamin A da K ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo.

Ki kuma sani cewa yawancin abin da ke ƙosar da mutanen gidanki a wannan abinci yana cikin abin da aka naɗe ne, wato shinkafa da nama da mai. Wannan ya shafi mai ciwon suga musamman, domin ganyen kansa kusan ba shi da abin da zai ɗaga suga, tun da yawancin sitacinsa faiba ne, amma farar shinkafar da ke ciki shinkafa ce kamar kowace, kuma da ita ya kamata ya yi lissafi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni dattijo ne mazaunin Gawon Nama, ina shan maganin hawan jini shekara da shekaru. Na saba da wannan abinci tun ina zuwa kasuwanci Masar, kuma iyalina sukan yi mini shi da azumi. 'Ya'yana sun ce in bari saboda gishiri, ni kuma na ce musu mu a Sakkwato zafin rana yana fitar mana da gishiri ta gumi, don haka dokar mutanen ƙasar sanyi ba ta hau kanmu ba. Wane ne da gaskiya?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A wannan karon gaskiya ta fi karkata wajen yaran. Gumi yana fitar da sodiyam, wannan haka yake, kuma wanda ya yini yana noma ko dako a cikin ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana asarar gishiri mai yawa. Amma jikin da ya saba da zafi yana koyon tattali, yadda gumin da yake fitarwa gishirinsa ya fi na baƙo kaɗan, kuma abincinmu na yau da kullum ya riga ya biya wannan asara har da ƙari. Ka duba miyar gida da gishirinta da dunƙulenta, wanda kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, ga yajin tsire da kilishi, ga burodi, ga kanwa wadda ita ma sodiyam ce duk da ba a jin ta kamar gishiri a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka abin da ta ba da shawara fiye da sau biyu, kuma ba ta ware ƙasashen zafi daga shawarar ba. Dattijon da yake yini a inuwa ko a rumfar kasuwa ba ya yin gumin da zai ba shi wannan uzuri.

Abin da sodiyam ke yi shi ne riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, sai jini ya ƙaru ya matsa wa bangonsu, zuciya da ƙoda su ɗauki nauyin. Mai shan magani da ke ƙara gishiri yana rage wa maganinsa ƙarfi ne da hannunsa. Ban ce ka haramta wa kanka abin da kake so ba. A wanke ganyen yadda na bayyana wa Hajiya a sama, a dafa ba tare da ƙarin gishiri ba, ka ci huɗu ko biyar a matsayin marmari, ranar kuma a sassauta gishirin miya. Ka ci shi da buɗa-baki, ka guje shi da sahur, domin gishirin da aka ci da asuba shi ke tayar da ƙishirwa tun kafin azahar. Idan akwai ciwon ƙoda ko na zuciya tare da hawan jinin, ko ƙafafu suna kumbura, to a nan ƙa'idar ta fi tsauri, kuma likitanka ne zai faɗa maka iyakar da ba za ka wuce ba.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma ya shafi wasu tsaranka. Ganyen inabi na gwangwani yana da bitamin K kusan maikrogiram 97 a giram 100, kuma bitamin K shi ne ke taimaka wa jini daskarewa. Masu shan maganin tsinka jini mai suna Warfarin aikin maganinsu yana rikicewa idan yawan bitamin K da suke ci yana hawa yana sauka. Ba a hana su ganye ba; abin da ake so shi ne su riƙa cin kusan adadi ɗaya a kullum, su kuma sanar da likita idan za su sauya abinci. A wannan fanni ma alayyafonmu ya ninka ganyen inabi fiye da sau goma, don haka wanda ke kan wannan magani ya fi buƙatar lura da miyar gida a kan tsarabar waje.

Tambaya: Malam, ina ɗauke da juna biyu wata shida, ina zaune a Arkilla. A wajen awo an ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayoyi, amma suna sa ni tashin zuciya. Na ga wani saƙo a WhatsApp cewa ganyen inabi na ƙara jini kuma yana sauke kumburin ƙafa. Zan iya ajiye ƙwayoyin in koma gare shi?

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya, amma kada ki ajiye ƙwayoyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe a kullum tare da maikrogiram 400 na folik asid, wadda jininta ya riga ya yi ƙasa kuma takan buƙaci fiye da haka. Ganyen inabi goma suna ba da miligiram 1.2 ne kawai, kuma irin ƙarfen da ke cikin tsirrai ne, wanda hanji ke ɗaukar kaɗan daga cikinsa idan aka kwatanta da na nama da kifi. Kafin ki tara miligiram 30 daga wannan ganye sai kin ci kusan kilo ɗaya, gishirin da zai biyo shi kuwa ya kai na mako biyu. Ki koma wajen awo ki faɗa wa ungozoma ko likita halin da ƙwayoyin ke sa ki, domin akan sauya lokacin sha ko irin maganin. Ki kuma raba su da shayi, saboda shayi yana hana ƙarfe shiga jiki, lemon zaƙi da gwaiba kuwa suna taimaka masa.

Maganar kumburin ƙafa tana da tushe, amma an karkatar da ita. A Turai ana sarrafa wani magani daga jan ganyen inabi, ana tace shi a auna shi a zuba cikin ƙwaya, ana ba masu ciwon jijiyoyin ƙafa da ke sa nauyi da kumburi. Wannan daban yake da koren ganyen da ke cikin ruwan gishiri, kuma ba a ba da shawarar mai ciki ta sha shi ba. Na kwalba dai gishirinsa sai ya ƙara kumburi. Kumburin da ya zo farat ɗaya ga mai ciki, musamman a fuska da hannuwa, tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani, yana iya zama alamar hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga, kuma wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiran ranar awo ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tun da da inabi ake yin giya, kuma ruwan kwalbar yana da tsami, ba ya nufin ya fara zama giya?

Amsa: A'a, ɗana. Giya tana samuwa ne idan yis ya ci sukarin 'ya'yan inabi, shi kuwa ganye sukarinsa kaɗan ne, kuma gishiri mai ƙarfi yana danne irin wannan aiki. Tsamin da ka ji ya fito ne daga ganyen kansa, da sinadarin tsamin lemo da kamfanoni ke zubawa, wani lokaci kuma daga irin ƙwayoyin halittar da ke mayar da madara kindirmo. Musulmin Sham da Turkiyya sun yi ƙarnoni suna cin sa. Abin da ya kamata ka duba a jikin kwalba shi ne ranar ƙarewar wa'adi, da lambar NAFDAC idan a nan ka saya, da jerin abubuwan da aka zuba, domin wasu kamfanoni suna sa sinadarin salfait don adanawa, wanda yakan tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Gwangwanin da ya kumbura, ko kwalbar da murfinta ya tasa, ko ruwan da ya yi yauƙi yana wari, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Tambaya: Malam, ina da itacen inabi a tsakar gidana a Runjin Sambo, yana ba da inuwa da ganye mai yawa amma 'ya'yansa kaɗan ne. Zan iya amfani da ganyensa a maimakon na kwalba da ke da tsada? Idan kuma babu, da me za a musanya shi?

Amsa: Malam, abin da ke tsakar gidanka ya fi na kwalba ta duk alƙaluman da na kawo, domin fotasiyam ɗinsa da bitamin A suna nan, gishirin kuma babu. Sharaɗi ɗaya ne mai nauyi, wato kada ya kasance an yi masa feshin maganin ƙwari ko na cuta. Gonakin inabi na kasuwanci ana yawan yi musu feshi, ganye kuma shi ke fara karɓar maganin, shi ya sa Tarayyar Turai ta tsaurara binciken ganyen inabin da ake shigar mata daga Turkiyya da Masar saboda ragowar maganin feshi. Idan kai ke kula da itacenka ka san abin da ka zuba masa.

Ka tsinka da sassafe, ka zaɓi sabon toho mai faɗin tafin hannu, mai laushi da sheƙi, wanda ba shi da huji, ka bar ƙananan da ke can bakin reshe da tsofaffin da ke gindi. A yanke tsinken, a wanke, a tsoma cikin tafasasshen ruwa na kimanin minti ɗaya har launinsa ya sauya, shi ke nan ya yi laushin naɗi. Wajen naɗawa a kifa ɓangaren mai sheƙi ƙasa, jijiyoyin su kalli sama, a sa ƙaramin cokali na haɗin shinkafa kusa da gindin ganyen, a ninko gefe da gefe a naɗe, ba tare da an matse sosai ba domin shinkafa za ta kumbura. Wanda yake da firji mai ƙanƙara da wutar da za ta riƙe shi zai iya jera ganyen da aka gigita cikin leda ya daskarar, ya yi watanni ba gishiri. Ban ba da shawarar a rufe shi a kwalba a gida da ɗan gishiri kaɗan ba, musamman a zafin garinmu, domin ganyen da aka toshe wa iska ba tare da isasshen gishiri da tsami ba yana iya haifar da guba mai kisa wadda ba lallai a gane ta da ido ko hanci ba.

Idan naɗin ake so kuma babu ganyen inabi, kabeji yana yi, kuma Misirawa da mutanen Sham da kansu suna naɗa shinkafa a cikinsa, sai a matsa lemon tsami don a sami ɗan tsamin da ya rasa. Idan kuwa amfanin jiki ake nema, to ba sai an jira mai dawowa daga Makka ba. A jadawalin da na ambata, giram 100 na ɗanyen zogale yana da furotin giram 9.4, sinadarin ƙarfe miligiram 4, fotasiyam miligiram 337, bitamin C fiye da miligiram 50, sodiyam kuma miligiram 9. Alayyafo yana da kalsiyam miligiram 215 da fotasiyam fiye da 600. Ganyen inabi ya fi su kalsiyam da faiba idan aka auna giram da giram, amma shi ana cin sa giram 30 ko 40 ne a zama ɗaya, alhali kwanon kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa, irin wanda ake sayarwa a kowace unguwa, yana ninka wannan nauyi sau da yawa a kan kuɗi kaɗan, in dai an sassauta hannu wajen gishiri da dunƙule lokacin kwaɗawa.